Kwana Tara Ba a Ganin Ƙasa

Daga cikin jirgin ruwa, 9 ga Jumada Ula

Zuwa ga Yaya Hussaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da Manar da Sufyan da duk wanda ya tambaye ni a Rusaifa. Da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. Intanet ɗin jirgin nan ba ya ɗaukar kira, shi ya sa nake rubutawa a takarda in ɗauki hoto in turo. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san hannun direba ne.

Yaya, wannan ba jirgi ba ne, gari ne aka ɗora a kan ruwa. Hawa goma sha biyar, kowane hawa da wurin cin abinci. Tsofaffin Turawa kuwa tun hantsi suke shanya kansu a rana kamar kilishi, ba mai aikin fari balle na baƙi. Maigidana Ammu Talal sai murna yake. Shekara talatin ina tuƙa shi, shekara huɗu ina tura kekensa, ban taɓa ganin ya ci abinci haka ba. Ya ce Allah ya yi wa ɗansa Rakan albarka da ya shirya masa wannan tafiya kafin shi Ammu ya mutu.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Alƙibla ba ta zama wuri guda. In na ta da salla tana gabana, kafin in sallame jirgi ya karkata ta koma kafaɗata. Mu da muka tashi muna hango hasumiyoyin Harami daga kan dutse, yau ga ni ina tambayar waya ina Ka'aba take. Ruwan ma da muka yi nisa baƙi ne, ba na son kallonsa.

Ki kwantar da hankalinki kan takardu. Rakan ya ce ashirin ga wata za mu sauka Brazil mu hau jirgin sama zuwa Jidda, bizata ta fita da dawowa kuma sai ashirin da biyar take ƙarewa. Kin ga ina da rarar kwana biyar.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Ɗan'azumi

*

Rusaifa, Makka, 11 ga Jumada Ula

Ɗan'azumi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, yara suna gaishe ka. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa.

Kai dai tun kana yaro ba ka duba takarda, abin da aka faɗa maka shi ke nan. Na ba Manar wasiƙarka ta duba a waya. Ashirin da biyar ɗin bizarka na watanmu ne, Jumada Ula. Ashirin ɗin da jirgi ya faɗa kuwa na watan Bature ne, Nuwamba. Manar ta lissafa sau uku a gabana: ranar da za ku sauka, Jumada tana da ashirin da tara. Rarar kwana biyar ɗin da kake taƙama da ita babu ita. Kwana huɗu za ka makara.

Iƙamarka ma, takardar izinin zamanka a ƙasar nan, a ƙarshen watan nan take mutuwa. In duka biyun suka mutu kana waje, sai wani ya sake ɗauko ka da sabuwar biza, kuma ka faɗa mini wa zai ɗauko direba mai shekara hamsin da takwas? Fasfonka na Najeriya ne, ƙasar da daga ni har kai ba wanda ya taɓa taka ta. An rushe gidan da aka haife mu a unguwar Nakkasa muka haƙura, don Makka dai tana nan. Wannan ba zan iya haƙura da shi ba.

Manar ta ce abin ba wuya. Kafili, wato maigidan da kake ƙarƙashin sunansa, shi ne kawai zai shiga manhaja ya ƙara kwanaki, a turo lamba a wayarsa ya saka. Kafilinka kuwa ga shi nan kana tura shi. Ka sa shi ya yi yau, ban ce gobe ba.

Allah ya tsare.

Yayarka,
Hussaina

*

Daga cikin jirgin ruwa, 14 ga Jumada Ula

Yaya Hussaina,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, ina kuma karɓar faɗa, na cancanta. Da na karanta wasiƙarki sai da na zauna a bakin gado.

Wayar Ammu ba ta nan. Rakan ya karɓe ta a filin jirgin Jidda, ya ce kada mutane su dami baba da kira. A lokacin har na yaba masa.

Ko da tana nan ma, ban san ko Ammu zai iya ba. Tun da muka bar ganin gaɓa mantuwarsa ta ƙaru. Larabci ya gudu daga bakinsa gaba ɗaya, Hausa kawai yake yi, irin ta tsofaffin da, shi da ko a gida bai cika yin ta ba. Yana zaton jirgin da ya kawo mahaifinsa daga Sudan muke ciki. Shekaranjiya ya leƙa taga ya daɗe, ya juyo ya ce mini, “Yaro, waɗanda suka mutu a hanya, a nan ake zuba su ko?” Na ce Ammu ci tuffa. Ba ya karɓar abinci ko magani daga hannun kowa sai nawa. Wata ma'aikaciya ta gwada, ya rufe baki gam.

Na kai shi wurin likitan jirgi ko zai ce a sauke mu. Ya auna shi ya ce jikinsa lafiya lau, tsufa ne. Shi kansa Ammu da na ce mu koma gida sai ya riƙe hannun kekensa, ya ce ba ya sauka sai Jidda.

Ranar ashirin ga watanmu za mu tsaya a wani tsibiri na ƙasar Sifen, daga safe zuwa la'asar. Akwai filin jirgin sama. Daga nan kuma kwana tara ba a ganin ƙasa. Na tura wa Rakan saƙo huɗu, ya karanta, bai amsa ba. Don Allah ki daure ki je masa, yana jin kunyarki.

A gaishe da yara.

Ƙaninki,
Ɗan'azumi

*

Rusaifa, Makka, 17 ga Jumada Ula

Ɗan'azumi,

Salama da gaisuwa. Na je, har sau biyu.

Ranar farko Rakan ya tarbe ni da gahawa da dabino, “Ahlan ya Hala, ahlan,” wai maraba da Inna. Na yi masa bayani da Hausa ya amsa da Larabci, kamar yadda ya saba. Ya ce, “Basiɗa, Hala, bukra inshallah,” wai abu ne mai sauƙi, gobe za a yi. Wayar ubansa tana kan tebur kusa da kofina, a jone da caji. Na ce to ga ta nan, a yi yanzu mana. Ya yi murmushi ya ce manhajar ce take da matsala.

Jiya na koma, aka ce ba ya nan. Wani saurayi na gani a ƙofar gida yana goge motar Ammu, motar da ba ka yarda kowa ya taɓa. Na tambaye shi, ya ce shi ne sabon direba, kwanansa goma sha biyu da fara aiki. Ka lissafa da kanka. Ɗakinka na bakin ƙofa an yi masa sabon fenti. Kayanka suna cikin kwali uku a ƙarƙashin matakala, na sa Sufyan ya kwaso su.

Ba na ɗaukar alhakin mutum, Allah ya gani. Amma wanda ya yi maka bizar shi ya sayi tikitin jirgin, kuma shi ya san watannin biyu, ba kamar kai ba.

Sufyan ya yanka maka tikiti daga tsibirin nan, ranar ashirin da azahar, ta Madrid zuwa Jidda. Hotonsa yana tafe. Ka sauka. Ammu yana da 'ya'ya biyar da takardar ɗan ƙasa, duk inda ya faɗi za a ɗauko shi. Kai ni kaɗai gare ka, ni kuma ƙafa ɗaya ce da ni mai lafiya. Ban taɓa roƙonka komai ba. Wallahi in ka wuce tsibirin nan ba ka kyauta mini ba.

Allah ya dawo mini da kai.

Yayarka,
Hussaina

*

Daga cikin jirgin ruwa, 20 ga Jumada Ula

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki gaishe da Sufyan, ki ce na gode.

Na yi wa Ammu wanka da safe, na sa masa farar jallabiya, na rubuta lokutan maganinsa na ba ma'aikaciyar. Da na ɗauki jakata sai ya ce, “Kada ka daɗe, yaro. Ban san mutanen nan ba.” Na sauka, har na shiga tasi. Mun yi tafiyar minti goma na ce wa direban ya juya.

Jirgi ya tashi da la'asar. Ina ciki. Yanzu tsibirin ma ya ɓace, ruwa ne ko'ina, kuma tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ki yafe mini.

Abu ɗaya nake so. Daga wane gari ne kakanmu ya taso a Najeriya? In kin tuna sunan unguwar ma ki rubuto, ko sunan wani da za a tambaya. In hukuma ta tasa ƙeyata can, za su so su san inda za su kai ni.

Wassalam.

Ƙaninki,
Ɗan'azumi