Amsar Gwajina Ce Ta Sa Aka Sallami Rula

Kaka Ummu Gassan, ki cece ni, kwana huɗu ke nan na kasa cin abinci.

Ni mai rubuta manhaja ne a nan Irbid. Kawuna Mazin yana da shagon kunafa, wani kayan zaƙi da ake gasawa a faranti, kuma wata marainiya, Rula, ita ke amsa saƙonnin masu saye a shafinsa na sada zumunta. Na ce zan haɗa masa manhajar da za ta riƙa amsawa da kanta. Duk saƙon da ya shigo shafin, sai a turo wa manhajar sanarwa. Tana kan kwamfutata a ɗaki, ban gama ta ba, sai na buɗe mata kafa daga intanet don in gwada. A ƙa'ida da shafin gwaji ake yi, amma ƙyuya ta sa na jona ta da na gaske. Amsar da na saka don raha ita ce wai kunafarmu ta shekaranjiya ce, a gwada shagon da ke kallonmu. Aka kira ni cin mansaf, wato shinkafa da naman rago, na bar ta a kunne. Mutum sittin da uku suka samu wannan amsa, har da mai neman faranti goma na bikin ɗansa.

Kawu, da ko lambar waya bai iya adanawa ba, ya ce aikin Rula ne, ya sallame ta. Ni kuma na goge komai. Kaka, ta yaya zan yi wa irin wannan mutum bayanin abin da ya fi ƙarfin kansa?

Injiniya mai hankali

Kai angona, wa ya raɗa maka wannan suna? Ni aji huɗu na yi aka cire ni, amma ko ni na san ba a ɗanɗana gishirin miya a kwanon baƙo. Kai da digirinka ka yi, sannan ka tafi ka cika tumbi da shinkafa.

Kawun naka ma ba na wanke shi. Korar yarinya ba tare da ya ji ta bakinta ba rashin tunani ne. Amma shi cikin duhu ya yi, kai kuwa ido biyu ka goge sawunka. Kuma ka daina cewa ba zai gane ba. Shekara talatin yana juya faranti a kan wuta, "ni na yi" ba za ta gagare shi ba. Tsoro kake ji, shi ne ka sa masa rigar ilimi.

Gobe da safe ka fara zuwa gidan su Rula, ka ba ta haƙuri a gaban 'yan uwanta. Daga nan ku wuce shago tare, ka faɗa da bakinka. Mutanen nan sittin da uku ka rubuta musu ɗaya bayan ɗaya, da yatsunka. In kawu ya zage ka, ka sunkuyar da kai, ka ci zagin.

Allah ya mayar da yarinyar nan bakin aikinta, kai kuma ya ba ka kunya ko 'yar kaɗan ce.

Kakarka, Ummu Gassan