Na Raba 'Yata da Yaran da Suka Saba da Fuskarta

Anti Vernell, don Allah ki taimake ni, da hannuna na yi ɓarna.

'Yata Odessa shekararta goma sha ɗaya. Tun tana bakwai fararen tabo suka fara cin launin fuskarta, kuma kin san a baƙar fata irin tamu abin ba ya ɓoyuwa. Ko a coci sai an waiwayo. Kullum ni nake shafe mata su da hoda kafin motar makaranta ta iso.

Bara likitarta ta saka ta a wani taro da ake yi ta bidiyo duk Asabar. Yara takwas ne masu duhun fata, kowa da irin ciwonsa, da wata nas mai kula da su. Daga kicin nakan jiyo dariyarta. Ran nan na leƙa, na tarar ta wanke fuska tas, tana ce musu, "Mamana ba ta iya kallona sai da hoda." Wani yaro ya ce, "Tawa ma haka, sai ka ce mai fentin gida!" Suka kwashe da dariya.

Zuciya ta ɗebe ni. Na rufe kwamfutar a gabansu, na ce ba a kai sirrin gida waje, ta gama da taron nan.

Wata biyar ke nan. Yanzu da kanta take shafa hodar, ko da ba inda za ta. Ta daina zuwa iyo. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, shirun nan ne yake cin raina. Ni fa tsare ta nake yi daga bakin mutane. Ta ina zan fara?

Uwa mai nadama, Memphis

Amsar Anti Vernell: 'Yar'uwata, shekara huɗu kina tare mata idon duniya ke kaɗai, dole maganar ta yi miki zafi. Amma Odessa ba tona miki asiri ta yi ba. Ta sami inda ba a zura mata ido, shi ya sa bakinta ya buɗe.

Kada ki fara da kwamfuta. Ki zaunar da ita, ki ce kin ji abin da ta faɗa, kin yi kuskure, ki yi shiru ki saurara. Sannan ki kira nas ɗin ki nemi a mayar da ita, in tana so. Wataƙila kunyar abin da ya faru ta sa ta ja baya tukuna. Ki tambaya ko akwai irin wannan taron na iyaye, ke ma kina bukata. Ranar Asabar ki ja mata ƙofa, ki tafi cefane.

Hoda kuwa, ki bar mata zaɓi. Duk ranar da ta fito babu ita, ki dubi fuskar sosai, ki tambaye ta me za ta ci.

Allah ya sanyaya muku zuciya, ke da Odessa.