Hannun da Ya Sake Rubuta Allon Tasha

Sembanur,
tsakiyar Janairu

Akka Kayal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan ƙalau. Matata Poongodi tana gaishe ki, Appa, tsohonmu, kuma yana nan yana cin idlinsa, wainar shinkafar nan tasa, yana faɗa da rediyo kamar kullum.

Na san labarin tashar jirginmu ya riga wasiƙar nan isa Madurai. Tunda aka sake tayar da zancen mai da Hindi harshen ƙasa, garin nan ya ƙi kwanciya. Ran Lahadi samari suka zo gida, Mathivanan shugabansu a gaba, suka ɗauki Appa da kujerarsa har gindin allon tasha, wai shi da ya sha kulkin 'yan sanda a zanga-zangar ƙin Hindi ta shekarar sittin da biyar, shi zai fara shafe rubutun. Akka, da ma kin ga tsohon nan! Hannun da ba ya kai kofin shayi baki sai ya zubar, shi ya riƙe burushin kwalta gam. Ya ja layi ɗaya a kan rubutun Hindin, samari suka ƙarasa, suka bar Tamil da Turanci. Ya dawo yana ta dariya, yana cewa, "Yau dai an kwashe musu kayan shanyarsu daga igiya!" Kin san sunan da yake kiran baƙaƙensu ke nan tun muna yara, don a rataye suke a jikin layi kamar wanki a igiya.

Har da ni a masu tafi. Washegari shugaban tasha ya aiko kirana. Kin san duk aikin fentin tashar a hannuna yake, ya kuwa faɗa mini gaba da gaba: ko in gyara allon, ko ya ɗauko wani daga Tirunelveli ya ba shi aikin duka. Na ce masa to tun bai rufe baki ba, kuma saurin nan shi ya fi ci mini rai. Abu ɗaya na roƙa, a cire allon a kai mini rumfar ajiya ta bayan tasha. A can na kankare kwaltar mahaifina da kananzir, na shafa fenti ruwan ɗorawa, na kwafi baƙaƙen da ko karanta su ban iya ba. Ina yi ina lallashin kaina cewa ai akwai 'yan Bihar masu jin Hindi da ke aiki a masaƙa, su ma suna bukatar sanin inda za su sauka. Gaskiya ne, amma ba don su na yi ba.

Ma'aikatan tasha suka mayar da allon. Ba wanda ya san ni ne, ko Poongodi. Tsorona ɗaya kada Appa ya sani. Don Allah ki rufa mini asiri.

Ƙaninki,
Iniyan

Sembanur,
ƙarshen Janairu

Akka,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kowa lafiya. Na samu amsarki, na gode da ba ki zage ni ba, ko da yake da kin zaga da na fi samun sauƙi.

Kin san yadda Appa yake da ranar tunawa da waɗanda suka mutu saboda harshen Tamil. Shekara guda yake yi yana jiranta. Tun jajibiri ya sa aka goge masa farar rigarsa, ya hana kowa taɓawa. Da safe muna cikin keke za mu filin taron, sai ya ce a bi ta tasha. Ya sa aka tsaya, ya ɗora tabarau, ya daɗe yana kallon allon. Ni kuwa, wawan banza, na manta wanda ya koya mini riƙe burushi. Mutumin da ya sha yi mini ranƙwashi saboda yadda nake lanƙwasa wutsiyar baƙi, shi na zaci zan ɓoye wa hannuna.

A filin aka rataya masa furanni, aka zaunar da shi gaban hotunan mamatan. Mathivanan ya yi ta ihu a lasifika cewa ko kundin tsarin mulki bai kira Hindi harshen ƙasa ba. Can sai ya juya ya ce, "Baba, duk mai fenti a yankin nan ɗalibinka ne. Wane ɗan iska ne ya gyara musu allo? Faɗa mana, yau gidansa zai sha kwalta!" Jama'a suka ɗauka, a faɗa, a faɗa. Ina tsaye bayan kujerarsa riƙe da lemarsa.

Appa ya karɓi lasifikar ya ce, "Na duba. Ban san hannun ba, ba ɗan garin nan ba ne."

Akka, wannan fa mutumin da 'yan sanda suka ce wa ya musa kawai cewa yana cikin zanga-zangar a sake shi, ya ƙi, ya zaɓi kurkuku alhali mahaifiyarmu tana ɗauke da cikinki. Ni na sa shi ƙarya a gaban hotunan abokansa. Kunyar da na ji, na so ƙasa ta tsage in shige.

Da muka dawo bai yi mini faɗa ba, bai ko kalle ni ba. Ya cire furannin ya miƙa wa Poongodi, ya ce mata, "'Yata, ki gaya wa Mathivanan baɗi kada su zo ɗaukata. Na gama hawa wurin nan." Ta tambaye ni me ya same shi, na ce gajiya ce.

Yana cin abincinsa, yana amsa mini gaisuwa, amma ni na kasa zama ɗaki ɗaya da shi. Ki zo, Akka, ko na ɗan lokaci ne. Akwai maganar da ya kamata in yi masa, kuma ba zan iya ni kaɗai ba.

Ki gai da maigidanki da yara.

Ƙaninki,
Iniyan