Angona Ba Zai Bar Tauraronsa Ba

Al Khabaisi, Dubai
Sha'aban 1442, Maris 2021

Zuwa ga ɗana Alhaji Ɗalhatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga uwa zuwa ɗanta, tare da roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sauda da yara da duk mai cin tuwon gidanka. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya raba mu da wannan annoba, ya nuna mana azumi lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar da aka yi wa aiki ta fara jin magana, har ina ruku'u ban dafa kujera ba. Likita ya ce in riƙa tafiya shwaiya shwaiya, wato a hankali, kamar dā can gudu nake yi. Surukarka Mahfuza, matar ɗanka, tana kula da ni yadda ya kamata, sai dai har yanzu tana jin tsoron yaji, miyarta kamar ta marasa lafiya. Na fara yi mata gyara a ɓoye in ta shiga wanka.

Saƙon muryarka ya shigo wayata, na kuma saurare shi har ƙarshe. Ka ce in gaya wa "yaron nan" ya ajiye aikin taurarin ɗan'adam ɗin nan kafin azumi, ya je ya karɓi shagonka na kago, wato na aika kaya, da ke kasuwar Murshid Bazaar a unguwar Deira nan Dubai, tunda wakilinka Badaru zai koma gida. Ban ba ka amsa ta waya ba, don na san halinka. Ina fara magana za ka hau "to Inna, to Inna", ka kashe, ka yi abin da ka ga dama. Takarda ba a katse ta. Shi ya sa na ɗauko ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, na zauna da biro, kuma hannun Badarun naka zan danƙa ta ya kawo maka. In ka ga wani baƙi ya karkace, tsufa ne.

Ka sani tun yanzu, ban isar da saƙon ba, kuma ba zan isar ba. Izzuddeen ne sunansa, in ka manta, tunda kunyar ɗan fari ta hana bakinka faɗa tun ranar suna. Ban ga laifinka a nan ba, haka muka taso muka tarar. Amma kunyar nan ce ta sa ka miƙo mini shi ranar da aka yaye shi, ka ce nawa ne har abada. Ni na goya shi, ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni na raka shi makaranta yana kuka yana riƙe mini zani. Angona ne, duk dangi sun shaida. Yanzu da ya zama injiniya sai ka tuna kana da ɗa, kuma ni ɗin da ka ba kyauta ita za ta zama 'yar aikenka ta ƙwace shi daga hannun kanta? Kai Ɗalhatu, ka iya ciniki.

Na ji hujjojinka. Ka ce kamfanin da yake yi wa aiki ba kamfani ba ne, tunda shekara da shekaru bai sayar da ko allura ba, da tallafin bincike na gwamnati yake numfashi. Ka ce ranar da gwamnati ta juya baya, sai dai su kwashe kujeru. Ka kuma ce zalunci ne a ɗauki dukiyar jama'a a ba 'yan kasuwa su harba ta sama, in riba ta zo su sa a aljihunsu. Kada ka zaci ban yi wannan tunanin ba. Ni na riga ka. Tun zuwana nake tsokanarsa, ina ce masa wace irin amarya ce za ta yarda da angon da kullum yana gaban murhu amma ba a taɓa ganin ya sauke tukunya ba.

Da tsokanar ta ishe shi, sai ya nemo izini ya kai ni wurin aikin nasu. Aka sa mini hula irin ta masu tiyata, aka rufe mini takalmi da leda, aka ɗora mini farar riga a kan atamfata, wai kada in kai wa tauraro ƙura. Ni da na yi wanka na shafa turare! Ina ta waige-waige ina neman wani abu kamar tirela, sai ya nuna mini wani ɗan akwati a kan tebur, bai fi kwalin takalminka ba. Na ce masa wannan ko buhun gero ba zai ɗauka ba. Ya yi dariya, ya ce ba dako zai yi ba, kallo zai yi. In aka harba shi, zai riƙa leƙo gonaki da madatsun ruwa daga sama, ya faɗi wace gona ke jin ƙishi, wace ce ciwo ya kama, tun kafin mai gonar ya gani da idonsa. Wannan labarin shi za su riƙa sayar wa manoma da hukumomi.

Sai na yi masa tambayarka, kusan da kalmominka. Ya ce mini wanda nake gani ba shi ne na farko ba. Na farkon sun sa shi a injin da ke jijjiga shi kamar yadda roka za ta yi, ya wargaje. Wani kuma zafi ya kashe shi a gwaji. Ya ce in faɗa masa ɗan kasuwa ɗaya a Kantin Kwari da zai zuba jarinsa a abin da zai lalace, a sake, ya kuma lalace, ba a san ranar da zai yi kyau ba. Na lissafa abokanka, ban samu ko ɗaya ba, har da kai. Ya ce to wannan wahalar ta farko ita gwamnati ke ɗauka, kuma ba kyauta take yi ba. Masu duba aiki suna zuwa su titsiye su, abin da aka gano kuma ana rubuta shi ɗalibai su karanta, wani kamfanin ma ya ɗora a kai. In abu ya tsaya da ƙafarsa, sai kasuwa ta karɓa.

Yana cikin bayani sai na fashe da dariya har hular tiyata ta zame, don na tuna ashe ni ma na taɓa zama irin wannan kamfani. Kana yaro shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin Ɗanbatta, amma ba ka yi ƙanƙantar da za ka manta ba. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya tsaya a bakin gona yana kallon asarar. Na kife kaskon suyar ƙuli-ƙuli, don babu abin soyawa. Waye ya zauna shekaru yana gwada iri, wannan ya mutu, wancan ya mutu, har aka samu mai jure ciwon? Ba dillalan gyaɗa ba ne, su tuni sun koma sayar da wani abu. Malaman gona ne da gwamnati ke biya, waɗanda muke yi wa dariya muna cewa suna noma da littafi. Da irin ya iso hannunmu, wa ya ci riba? Ni. Na matse mai, na soya ƙuli, na sayar, na sa a lalitata, ban aika wa gwamna ko ƙwaya ɗaya ba. Da wannan ribar aka ɗinka maka rigar makaranta, da ita aka ba ka jarin tebur ɗinka na farko. In cin moriyar binciken gwamnati zalunci ne, to ka fara tuba, don tun kana ɗan tsurut kake ci.

Kuma ka daina nuna kamar sama ba ta yi maka komai ba. Badaru ya nuna mini yadda kake damunsa, kana zaune a Kano kana kallon waya kana ce masa jirgin da ya ɗauko kwantenarka ya wuce wuri kaza, me ya sa bai gaya maka ba. Wa kake tsammani yake raɗa wa wayar inda jirgi yake a tsakiyar teku? Aljani? Wasu ne a wata ƙasa suka kashe dukiyar jama'arsu a kan abin da mutane irinka suka kira wauta, yau ga shi kana cin abinci da shi.

Abu ɗaya na yarda da kai. A wurinmu sau da yawa in an ware kuɗin bincike, a hanya suke narkewa, sai a ga gini babu kowa ciki sai ƙadangaru. Wannan ya ƙona ni kamar yadda ya ƙona ka. Amma laifin ɓarayi ne, ba laifin yaran da ke kwana da yini a kan aikinsu ba. Ban kuma ce maka lallai tauraronsu zai tashi lafiya ba. Wata Juma'a sun tafi da ni wani gari da ake kira Hatta, can cikin duwatsu kusa da dam, za su gwada eriyar da za ta riƙa jin muryar tauraron. Na shimfiɗa darduma ina cin dabino ina kallo. Suka ɗaga, suka juya, suka murɗa, ƙarfen nan ya ƙi cewa uffan. Shugabar tasu, wata Balarabiya mai kaifin baki, ta ce khalas, wato shi ke nan, a naɗe kayan. Na zaci za su dawo kamar an yi mutuwa. Ina! Tun a mota suka hau gardamar inda matsalar take, angona yana zane a bayan kwalin dabinona. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar aurensa. Wannan fuskar kake so in aika bayan kanta tana auna katan ɗin takalma?

Ba raina shagonka nake yi ba, shi ya biya kuɗin gwiwar nan. Amma masu iya riƙe shi suna da yawa a Deira, ga Mu'awiya ɗan ƙanwarka yana yawo da digiri babu aiki, biza kawai yake jira. Shi kuwa aikin eriyar nan, Izzuddeen ne ke riƙe da shi, kuma bayan salla masu ba da tallafin za su zo dubawa kafin su sabunta. In ya fita yanzu, ba kansa kaɗai zai kayar ba.

Ga abin da ya sa na tsaya kai da fata. Na ɗan gwada shi da wasa, na ce in wata rana babansa ya ce ya bar aikin fa? Yaron nan ya sunkuyar da kai, ya ce zai bari a ranar, ba zai saɓa wa mahaifinsa ba ko da zuciyarsa za ta fashe. Ka ga irin tarbiyyar da na yi masa. Na san in kalmarka ta shiga kunnensa, magana ta ƙare. To tunda biyayyar iyaye ce abin da kake taƙama da shi, kai ma ɗa ne, kuma uwarka tana nan da ranta, da sabuwar gwiwa. Ni Halima da na haife ka, ina umartarka ka janye wannan magana, kada ka faɗa masa, kada ka aiko wani ya faɗa masa. Yaron da na raina ya ce ba zai saɓa wa nasa uban ba. Saura in ga wanda na haifa.

Ka gaishe mini da Sauda, ka ce turaren wutar da ta ce in saya yana cikin jakar Badaru. Ka gaishe da kawunka Halliru da jikin nasa, da A'i, da Asama'u da mai jego, da Wasila 'yar rigimata. Mahfuza tana durƙusawa tana gaishe ka. Angona ma yana gaishe ka, bai san komai ba, kuma haka nake so ya zauna. Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su bi ka kamar yadda za ka bi ni.

Wassalam.

Innarka,
Hajiya Halima Sa'adiya