Hujin da ke Rufin Inna Hajara

Zuwa ga Yayana Bello a Jidda,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina fama da aiki? Yaya Asabe da yara, yaya zafin garinku? Mu nan sai godiyar Allah.

Yaya, kotun birnin Madani ta yanke wa Isa ɗan Kawu hukunci. Ka riga ka ji yadda ya yi harbin murna sama ranar bikin Rabi, harsashin ya dawo ya huda kwanon rumfar Inna Hajara tana tuyar gurasar kisra, ya same ta a ka, ko shurawa ba ta yi ba.

'Ya'yanta sun miƙe gaban alƙali sun ce sun yafe jinin uwarsu. Muka ɗauka magana ta ƙare. Sai alƙali ya ce, "Kun yafe naku, saura haƙƙin jama'a. Bindigar nan ba ta da izini." Aka wuce da shi kurkuku. Kawu yana ta faɗa, ni kuwa na kasa cewa an zalunce shi.

Har yau ba a toshe hujin ba. Kullum da tsakar rana haske ke sauka ta nan, daidai inda take zama gaban murhu. Kowa kewaye shi yake yi. Jiya na ji harbin biki daga ƙauyen gaba, sai na tsinci kaina na kifa ƙwarya a ka, ni da furfurata.

Ka sa Inna Hajara da Isa a addu'a in ka je Harami, ka gaida mutanenmu na can. Auren ɗanka Musa na tafe bayan girbi. Ka aiko ka ce guɗa kaɗai za a yi. In aka fito da bindiga, wallahi ba ni zuwa.

Ƙanwarka,
Hauwa