Batirin da ya kumbura ƙarƙashin Inna

Yaya Habu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina gajiya, ina zafin Agadas? Yaya Zulai da yara? Mu nan Yekuwa lafiya lau, sai dai akwai abin da nake so in gaya maka.

Moton nan, babur ɗin da ka bar mini, ya ƙone ampul uku na fitila cikin sati guda. Na ɗauka bakin mutane ne, har laya na ɗaura masa. Ranar Litinin na ɗauko Inna daga likita a Dungas, a hanya ta ce, "Sani, mazaunin nan zafi yake, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai." Na ce mata rana ce.

Da na kai wa Malam Idi mai gyara moton, ya tayar da shi ya ba shi wuta, fitila ta yi fau ta mutu. Ya buɗe ƙarƙashin mazaunin, sai ga batir ya kumbura kamar kwaɗo. Ya ce, "Abin da ke ƙayyade wutar da ke shiga batir ne ya mutu. Da kun ƙara nisa, da ya fashe."

An gyara, amma ranar Alhamis zan sake ɗaukarta, kuma ban iya gaya mata abin da Malam Idi ya ce ba. Ita ta ji zafin da warin, Yaya, ni na ce rana ce.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Kawu Isa.

Ƙaninka,
Sani