Ki ce ke ke son yaron

Zuwa ga Yaya Hassi a Kumasi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Yaya jikinki? Malamin unguwarmu ke rubutawa, ni ke faɗi.

Yaya, bana ma gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Maigidana ya ce tashi za mu yi, ko Maraɗi wurin kawunshi, ko Gana wurinku. Ni Gana nake so, don mutanen Nijar ɗin su ma nan suke kwararowa, muna ganinsu kasuwar Sabon Birni da jakuna ba kaya.

Amma Inna ta ce in Gana ce, a bar mata yaron nan, ɗan fari na kaka ne. Maraɗi kusa ce, ta yarda mu tafi da shi. Gaban mutane ta faɗi, sunka dube ni, na sadda kai na ce to. Me za ni ce? Ko sunanshi ban taɓa kira ba don kunya. Ga shi gidan Inna sau ɗaya ake ɗora tukunya, shi ko wuyanshi duk ya zube.

Inna na jin maganarki. Don Allah ki aiko ki ce ke ke son shi, a kawo maki riƙo. In ba ki aiko ba, Maraɗi za ni, ko da yunwar can ta fi ta nan.

Ki sa mu addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki, Ige.